Sakan Uku na Koci

Zuwa ga Balbela,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo da kekunan ɗinkinku. Wata bakwai ke nan da kika ajiye takalmin gudu kika bar mu a fili, ko leƙe babu. Ba komai, ni dai Gajerarki ce har gobe.

Koci ne ya dame ni da tambayarki. Mutumin da gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa, jiya har da ba ni kujera a ofishinsa, wai ina kike zaune yanzu. Ya jawo littafin nan nasa mai baƙin bango, ya buɗe, ya rufe, ya mayar durowa. Ni fa wannan fara'ar ba ta kwanta mini ba. Ranar ashirin ga wata za a rufe sunayen masu shiga gasa, kuma ba shi da kowa a mita ɗari takwas.

Sannan direban ƙungiya ya rantse ya gan ki kin bi bas da gudu, da ƙunshin yadi a hammata, har kin cim mata. Faɗa mini tsakani da Allah, wata ƙungiyar kika koma a ɓoye?

Taki,
Gajera

Gajera,

Na amsa gaisuwarki, Gwaggo ma tana gaishe ki. Wace ƙungiya kuma? Kayan makarantar yara zan kai, na makara, shi ke nan. Ki ce wa direba ya riƙa kallon hanya.

Ke kin fi kowa sanin abin da ya kore ni. Bayan ciwon gwiwa na yi wata takwas ina atisaye, ban shiga gasa ko ɗaya ba. Kullum na gama zagaye biyu, numfashi kamar zai tsage ni, sai Koci ya dubi agogo ya ce, “Minti biyu da sha huɗu.” Ni da nake yin biyu da sha ɗaya kafin ciwo! Har na kai ko ƙarar usur ba na son ji. Ƙafa ta ƙare, na haƙura. A nan shago in na taka keke, ɗinki yana fita, babu mai girgiza mini kai.

Na san abin da yake so. Wata yarinya ya samu, yana neman wadda za ta ja ta zagayen farko ta koma gefe. Kada ki kuskura ki kwatanta masa shagon.

Ki huta lafiya,
Balbela

Zuwa ga ɗalibata,

Bayan sallama da fatan alheri. Kada ki zargi ƙawarki, direba ne ya nuna mini titinku. Na zo har ƙofar shagon ranar Talata, na hango ki kina yanka yadi, na kasa shiga.

Magana ce nake so ki ji daga gare ni. A watannin nan takwas, duk lokacin da na faɗa miki na ƙara sakan uku a kai. Haka nawa kocin ya yi mini, ni kuma haushi ya sa na ƙara ƙaimi, sai na ɗauka kowa haka yake. Ranar da kika cire takalmi kika tafi, biyu da tara kika yi, ranar ma har biyar na ƙara. Ba ki taɓa yin irinsa ba a rayuwarki. Na yi ta jira ki huce ki dawo, daga baya kuma kunya ta hana ni buɗe baki. Ga shafin da na yago daga littafina, ainihin lokutan ne a ciki.

Na yi kuskure. Gurbinki yana nan har ranar ashirin.

Wassalam,
Koci

Gajera,

Gaisuwa a gurguje. Kocinki ya aiko mini da takarda, wai duk watannin nan ƙara mini sakan uku yake yi, wai biyu da tara na yi ranar da na tafi. Wallahi sai da na zauna a kan tulin yadi, Gwaggo tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Amma tsaya. Mutumin da ya iya ƙara uku, me zai hana shi rage biyar in yana neman mai cike masa gurbi? Na ɗaga shafin a hasken taga na duba. Duk biro ɗaya ne, shuɗi, rubutun a tsare, babu ko ɗigon gumi. Koci da kullum biro yake ara? Kuma ke, da gaske ba da bakinki aka kitsa wannan ba? Takardarki ta zo, tasa ta biyo baya, abin ya yi daidai da yawa.

Kwana uku ke nan ina ɗinka aljihu a baibai. In ƙarya yake yi yanzu, ƙafata ta mutu da gaske. In a da ne ya yi ƙaryar, to ni na binne ta da ranta. Ki zo ranar Asabar da yamma filin makarantar da ke bayan shagonmu. Na ari agogo wurin mai gyaran waya, ni zan danna, ni zan tsayar. Ke naki ido, kuma kada ya sani.

Balbela

Koci,

Ina gaisuwa. Na yi gudu jiya, biyu da ashirin da uku. Mummuna ne, amma da hannuna na danna. Da na gama na durƙusa na yi amai a gindin katanga, Gajera tana kuka, ni kuwa dariya ta ƙi tsaya mini, har na ce mu sake.

Ko shafinka gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ba zan taɓa sani ba, kai ka jawo. Ka sa sunana. Kada ka sake faɗa mini lokaci, ko na tambaye ka.

Wata takwas na yi ina zagin ƙafafuna. Su zan fara ba haƙuri, naka ka jira.

Balbela