Rigar da ke Cikin Bargon Mama

Geeveston, Tasmaniya
9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Thelma,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Denise da duk mutanen gidan a can Perth. Yaya gwiwar? Denise ta ce tun da aka yi miki aiki ba ki yarda kowa ya riƙe miki hannu a matakala. Allah ya ƙara sauƙi, ita kuma ya ƙara mata haƙurin zama da ke. Na zaɓi rubutu ne maimakon kiran waya, don ranar Lahadi na yi ta ɗaga murya ina ba ki labarin tuffa, ke kuma kina tambayata wa ya rasu. Abin da ke bakina yau ba na ɗaga murya ba ne.

Mu nan lafiya lau, in za a ce da mutum ɗaya "mu". Graeme yana kira daga Brisbane in ya tuna yana da uwa. Shekara uku ke nan da na bar koyarwa, biyu da rasuwar maigidana Athol, amma har yanzu in motar 'yan makaranta ta wuce ƙofar gida sai in ga na miƙe ina neman jakata. Shi ya sa ba na barin hannuna ya zauna. Bishiyoyi huɗun da suka rage a gonar Baba sun yi 'ya'ya bana har rassan na taɓa ƙasa. Na fere tuffa, na cusa a kwalabe, na rufe da roba da murfi, na dafa a tukunyar Mama mai wuyar ɗauka. Kwalba sittin, ban da tumatir, ga na bara ban taɓa ba. Beryl maƙwabciyata ta leƙa ɗakin ajiya ta ce wai yaƙi nake jira ne, ko kuwa wani dattijo na ɓoye a ƙarƙashin gado ina kiwo? Na ce mata da akwai shi, da tuni ta jiyo ƙamshinsa ta zo ta ƙwace. Gaskiyar ita ce hannuna bai iya auna abincin mutum ɗaya ba.

Kin san kuma ina haɗa littafin tarihin gidanmu saboda jikoki, kuma duk Talata ina zuwa zauren coci inda muke ɗinkin barguna na ƙyallaye. Waɗannan biyun ne suka jawo min abin da zan faɗa miki.

Kin tuna wagga ɗin Mama, bargon nan mai nauyin tsiya da ta yi da buhunan fulawa, ta cusa tsofaffin kaya a ciki? Shi nake rufa da shi duk hunturu. Kin kuma san ƙa'idarta: wagga ba a farke shi. In ya tsufa, sabon yadi ake shimfiɗawa a kai a ɗinke, abin da ke ciki ya zauna a ciki. Ni kuwa da ɗan ilimin da na samo ranar Talata, sai na ga ya kamata in buɗe shi, in wanke, in sake jerawa yadda ake yi yanzu. Beryl ta ce wai 'yan boko ba sa ganin abu a rufe su bar shi. Ban ji ba. Na sa almakashi.

Yadi uku na cire, ɗaya bisa ɗaya. A ciki na tarar da suwaitar Baba ta aikin gona, da hannun kwat ɗin Kawu Les, da siket ɗinki na makaranta. Na yi ta dariya ni kaɗai. A tsakiya kuma, daidai inda ke sauka a ƙirjin mutum, ga wata 'yar rigar ulu mai ruwan ƙwai, ta yarinyar da ba ta wuce shekara ba. Duk sauran kayan an yanka su an baje don su kwanta. Ita kaɗai ba a taɓa ta da almakashi ba, a ninke take, hannuwanta a haɗe. Na duba hotunanmu kaf, babu mai sanye da ita cikinmu.

Ranar Alhamis na je coci na roƙi a buɗe min tsofaffin littattafai. Mai riƙe da makullin tsohuwar ɗalibata ce, har yanzu ba ta iya kiran sunana sai Malama. Ta ajiye min shayi ta fita. Yaya, na gani. Glenys Ann, baftisma a watan Yuni 1947, sunan Mama da na Baba a gefe. A ɗaya littafin, na waɗanda aka binne, ga sunanta kuma, Agusta 1948. Shekara uku kafin a haife ni. Na zauna har shayin ya huce, yarinyar ta dawo ta tambaye ni ko in kira wani. Na rasa wanda zan ce ta kira.

Da na koma gida na sake ɗaukar rigar, sai na lura da maɓallanta. Guda uku ne. Biyu ɗinkin Mama ne, ƙanana, a jere kamar rubutu. Na ukun an ɗinka shi da jan zare, an zagaya an sake zagayawa, an ƙulle da ƙaton ƙulli don kada ya taɓa faɗuwa. Shekara talatin da takwas na yi ina duba aikin hannun yara, na san hannun 'yar shekara bakwai in na gan shi. A 1948 shekarunki bakwai.

Ba tuhumarki nake ba, ko kaɗan. Na san irin gidan da muka tashi, inda in abu ya yi zafi sai a aika mutum ya ɗebo itace. Abin da ke damuna shi ne duk shekarun nan ke kaɗai kike ɗauke da ita, ni kuma ina barci da rigarta a ƙirjina ban sani ba. Yanzu duk duniya babu wanda ya taɓa ganin fuskarta sai ke. Ina so in sani ko ta fara tafiya, ko tana da gashi irin na Baba, da wane suna kike kiranta a gida. In rubutu zai yi miki wuya, ki faɗa wa Denise ta rubuta. In kuma kin fi so a bar maganar inda Mama ta bar ta, ki rubuto min kalma ɗaya, "rufe", zan mayar da rigar yadda na same ta, in ɗinke, kuma sunanta ba zai shiga littafin ba. Ke ce mai wannan hukunci, ba ni ba.

Bargon yana nan a baje kan teburin cin abinci, gefe ɗaya a buɗe. Sanyi ya fara sauka da safe, amma ba zan sa masa allura ba sai na ji daga gare ki.

Ki gaishe min da Denise da maigidanta Warwick, da 'yarsu Imogen, ki ce mata ta dage da lissafin nan, ba dodo ba ne. Allah ya bar mu tare.

Taki ƙanwa, ta uku a ɗakin Mama,
Coralie