Hoton da na ɗauka a bayan bola ya faɗa hannun ƙanwata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mai kula da zaure, ina roƙon ka cire sunana da adireshin e-mail ɗina kafin ka tura wa mutane, Hausawan London ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana huɗu ke nan ban ci abincin kirki ba.

Ni 'yar Kano ce, shekarata uku da aure, biyu da rabi a London. Ina koyon kwamfuta a wata kwaleji a Lewisham, daga nan nake rubuto muku. Auren soyayya muka yi da maigidana, wan ƙawata ne. Tun ina sakandare ni mayyar littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake karɓowa haya a kasuwa, in cusa a cikin littafin lissafi malami yana ta bayani ni ina can wata duniya. A littattafan nan saurayi kullum daga ƙasar waje yake dawowa, ga ƙamshi ga sanyin murya. To sai ga wasiƙarsa daga London da sunana, a ciki har da hotonsa. Yana tsakanin sama da ƙasa, ƙafafunsa ɗaure a kan wani dogon allo, dusar ƙanƙara fara fat tana tashi a bayansa, sama shuɗiya tas. Ban taɓa ganin Bahaushe yana shawagi a iska ba. A ranar na gama yanke hukunci, sauran wasiƙun duk ƙari ne.

Watana biyu da tarewa, ana tsakiyar zafi, wata Lahadi da safe ya ce in shirya zan ga inda yake snowboard, sunan wasan ke nan. Na ci kwalliya da leshi da takalmi mai tsini, ni a zatona kan duwatsu za mu. Sai ga wata tsohuwar mota ta ɗaukar kaya, da Turawa biyu abokansa, da shebur uku. Muka tsaya a bayan wani gidan wasan sulu na ƙanƙara. Ashe idan injin ya kankare saman ƙanƙarar da mutane suka wuni suna takawa, a bayan ginin ake zubarwa, su kuma su zo su kwashe. Jama'a, da idona na ga abin da ke cikinta. Cingam, gashi, majinar yara, filasta mai jini, yawun da 'yan wasa suka tofar. Daga nesa fara ce, kana matsowa ka ga ruwan toka, tana wani ƙarni kamar tsumman goge-goge. Suka lafta a mota muka nufi wani gangare a bayan gidajen hayar ƙaramar hukuma wajen Abbey Wood, daf da inda ake tara bola. A nan suka haɗa abin da suke kira ramp, katakon dakon kaya ne da ƙyauren tsohuwar wadirof, an buga da ƙusa an shimfiɗa tsohon kafet. Su baza ƙanƙarar a kai, su yi ta gangarowa suna tsalle, kafin awa guda ta narke ta zama caɓi, sai su kwara ruwan sabulun wanke-wanke a kan kafet ɗin su ci gaba. Na tsaya da leshina ƙudaje suna bina, na tambaye shi ko a nan aka ɗauki hoton nan nawa. Ya yi dariya ya nuna min daidai wurin, kusa da wata katifa da aka yar.

Ba zan zalunce shi ba, shi da gaske ya iya, kuma da gaske yake son abin. Duk shekara yana tara kuɗi ya tafi Scotland sati guda lokacin sanyi, sauran watannin a nan yake gwaji don kada ƙafa ta manta. Na yi kukana na share hawaye. Da Baturen da yake ɗaukar musu hoto ya tashi daga unguwar, sai maigidana ya miƙa min kyamarar, kuma abin kunya, hannuna ya faɗa. Na gane sirrin. Kwanciya za ka yi a ƙasa a gindin ramp ɗin, bayan ka duba ciyawar da kyau saboda kashin karnuka, ka ɗaga kyamara sama yadda bola da benaye ba za su shigo ba, sai mutum da sararin sama. Ba ka jira sai ya tashi, yana lanƙwasa gwiwa za ka danna. Wani ya tsaya a gefe da shebur ya watsa ƙanƙara a iska. A fim guda mai talatin da shida da ƙyar ka samu biyu masu kyau, amma biyun nan in aka wanko su sai ka rantse a ƙolin dutse aka ɗauka. In na dawo gida sai na yi wanka na canja kaya kaf kafin in yi sallah, duk da haka ranar Lahadi nake jira. Har ni ma na sa rigar sanyi a watan zafi, gumi yana bin bayana, na rungumi allon aka ɗauke ni na aika gida. Umma ta sa shi a firam, duk wadda ta shigo sai an nuna mata.

Yanzu ga inda matsalar take. Maigidana yana da aboki, zan kira shi Sani, ba sunansa ba ne. Sani bai iya komai a wasan nan ba, zuwa yake ya zauna a kan bokiti yana tsokanar masu faɗuwa. Yana da mata Baturiya, auren rajista, suna da 'ya mai shekara biyu, kuma ta dalilin auren yake neman takardun zama, suna ta zirga-zirga ofishin shige da fice da ke Croydon. Matar nan ba ta da laifi ko kaɗan, aikin kula da tsofaffi take, ta koyi cewa sannu da aiki, in ta gan ni har rungume ni take. Na goya 'yarsu da zanina. A can gida Kano kuwa ba wanda ya san da su.

Farkon zafin bana Sani ya ce shi ma a ɗauke shi, wai tsohuwarsa zai aika wa. Mutum biyu suka riƙe allon a bakin ramp, shi yana sama yana karkarwa yana cewa kar ku sake ni, ni kuma na kwanta na saita yadda hannayensu ba za su fito ba. Hoton ya yi kyau fiye da na kowa. Ya ce a wanko masa guda uku. Na ce tsohuwar taka uku ce? Ya ce, "Matarmu ke nan, akwai 'yan yara a gida da ake ɗan taɓa hira, kar su manta da mu." Sannan ya ce tunda na haddace littattafai in rubuta masa kalamai masu kashe jiki, zai kwafa da hannunsa a bayan hotunan. A nan ne nake jin ƙyamar kaina. Na san da matarsa, na san hotuna uku ne, amma tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa cewa in rubuta masa ko layi ɗaya, sai kaina ya kumbura. Na zauna na tsara masa shafi guda cur, har ina karantawa ina jin daɗin kaina. Ban tsaya na yi tunanin cewa 'yan yaran nan 'ya'yan wasu ne ba.

Da zai je gida hutu na ba shi saƙo ya kai wa Umma, sabulai da man shafawa da takalmi na ƙanwata, autarmu. Ya dawo min da kuka da daddawa da yaji, ya ce kowa lafiya, bai ƙara ko kalma ba.

Satin da ya wuce wata Hajiya 'yar unguwarmu ta Kano ta zo London ganin likita, ta taho min da kaset daga gida, don mu ba mu da waya, a kaset muke gaisawa. Na kunna ina yanka albasa. Umma ta gama gaisuwarta, sai Baba ya karɓa, shi da ba ya son magana a rikoda. Ya ce abokin mijina da ya kawo saƙo ya ga Auta ya nuna yana so, ya ce zai turo magabatansa bayan Sallah. Ya ce, "Mu nan mun tambayi asalinsa, gidan mutunci ne. Amma halin mutum sai wanda yake zaune da shi. Ke ce idonmu a can. Ki bincika, abin da kika ce shi za mu yi." Na juya kaset ɗin, sai muryar Auta ƙasa-ƙasa, da ji ta kulle ɗaki ne. "Yaya, ashe haka kika ji? Wallahi har na daina yi miki dariya. Kin ga hoton kuwa? Ya fi na mijinki tashi sama, kar ki gaya masa." Ta ƙyalƙyale. Sai ta ce bari ta karanta min abin da ya rubuta a baya, ta fara, tana yi tana jan numfashi, inda ya ce zuciyarsa ƙanƙara ce sai da ya gan ta ta narke. Ni na rubuta wannan, a kan teburin kicin ɗina, ina shan shayi. Ta karanta shafin nan tas ina bin ta a zuci, na san kalmar da za ta biyo baya. A ƙarshe ta ce ta samu gurbin karatun jinya amma ba za ta je ta yi rajista ba, Sani ya ce a London za ta yi. Shekararta sha tara. Na kashe rikodar.

Kada wani ya ce min ai namiji mijin mace huɗu ne, na sani. Ba shi ne zancen ba. Ya ɓoye matar, ya ɓoye 'yar, kuma muddin takardunsa a hannun auren nan suke ba shi da hanyar kawo Auta ƙasar nan, a Kano za ta zauna tana jiran jirgin da ba zai zo ba, ga karatu ya wuce. Kuma har yanzu ban san hannun su wa sauran hotuna biyun suke ba.

Da na gaya wa maigidana, daga yadda ya sunkuyar da kai na gane ya riga ni sani. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce Sani ne ya sauke shi lokacin da ya zo ƙasar nan ba shi da kowa, wata takwas yana kwana a falonsa. Ya ce in maganar ta fito daga bakina sai ta zagayo kunnen Baturiyar, takardun Sani su lalace, yarinya ta tashi ba uba, a ce matar wane ce ta yi. Ya ce in rubuta wa Baba cewa ban san shi sosai ba, shi zai lallaɓa Sani ya janye a hankali. Na ce in bai janye ba fa, kuma rajistar makarantar ta rufe? Sai ya ce ni ma ai hoton bayan bola ne ya kawo ni, ko na yi asara ne. Gaskiya ban yi asara ba, yana riƙe ni da mutunci. Amma shi bai ajiye mata a Abbey Wood ba, kuma shi da ƙafarsa ya yi tsallen.

Ranar Lahadi na bi su wurin ramp don in ga idon Sani. Na ja shi gefe na tambaye shi me ya sa sai ƙanwata. Ko gezau bai yi ba, yana taunar burodi ya ce, "Haba matarmu, gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? Ai gata na yi miki, kin kusa samun 'yar hira." Ya zaro wani sabon tabarau na masu wasan ya ce in ƙara masa ɗaya da shi, wancan ya yi kasuwa. Matarsa tana zaune taku goma daga inda muke, tana goge wa 'yarsu baki, tana mana murmushi don ba ta jin Hausa. Ya hau, mutum biyu suka riƙe shi. Ni kuwa ban kwanta ba. Na ja da baya har bakin titi na ɗauka a tsaye. Komai ya fito, bolar, katifar, caɓin, hannayen da suka tallafe shi, matarsa da keken yarinya. Jiya na karɓo shi daga wurin wanki, yana cikin jakata yanzu haka. Maigidana bai san da shi ba.

Na san Auta, jinina ce, irin littattafan da na karanta ta karanta, nawa ma ta gada. In na rubuta mata da baki kawai cewa za ta yi ina mata baƙin cikin zuwa London. Hoton nan ne kaɗai zai shiga kanta. Amma in ya isa gidanmu, Umma za ta gane a nan aka ɗauki nawa hoton ma, ta san abin da ta rataye a bango shekara biyu tana nuna wa mutane. Dole in faɗi wanda ya ɗauki hoton farko, da wanda ya tsara kalaman, ban san ko Auta za ta sake kallona da ido irin na da ba. Maigidana zai ce na ci amanarsa. Ga baiwar Allah nan da 'yarta na saka su a hoto ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Hajiya za ta koma ranar Juma'a, ta ce in kai mata saƙona kafin la'asar ɗin Alhamis. Ku gaya min, in sa hoton a ambulan in rubuta wa Baba komai har da nawa laifin? Ko in bi maganar mijina in ba shi lokaci, alhali rajistar Auta saura sati uku? Masu ilimi a cikinku, ina biyayyar miji ta tsaya idan uba ya ɗora maka amanar bincike? In kuma shawararku ita ce in yi shiru, to ku haɗa min da kalmomin da zan faɗa a kaset ɗin, don na kunna rikoda sau uku, ina cewa "Baba, na bincika" sai in kashe ta.