Waken Rijiyar Alma

Gonar Lunde, Dakota ta Arewa
4 ga Agusta, 2013

Yaya Gudrun,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ina fata zafin Arizona bai ƙarasa dafa ki ba, tunda ke kika zaɓi ki tsufa cikin rairayi kamar ƙadangare. Ki gaida mai gidanki, in bai ji ba ki ɗaga murya. Ni lafiyata ƙalau. Kada ki saurari abin da 'yata Rhonda take gaya miki a waya game da idona. Ina ganin abin da nake son gani.

Kin tambayi labarin rijiyar mai. To, an gama ta. Sun nutsa mil biyu ƙasa, suka karkata mil biyu a kwance, suka ɗura mata ruwa da yashi har dutsen ya tsattsage. Rijiya a kwance, Yaya! A zamanin Baba ko malalaci ba ya fara aiki a kwance. Sun kafa allo a bakin hanya da manyan baƙaƙe, ALMA LUNDE 1. Da na isa gabansa sai da na cire hula. Aƙalla akwai mutum ɗaya a cikin manyan kamfanin nan da ya san gidan wa ya shigo, ya san shekara hamsin da ɗaya matata ta yi tana aiki a kan ƙasar nan kafin mu sa ta a cikinta.

Takardar lissafin mai ta wata-wata ta fara zuwa. Mayu, ganga dubu ashirin da ɗaya. Yuni, dubu goma sha huɗu. Rhonda ce ta karanta mini, don wannan ƙaramin rubutu nasu an yi shi ne don kada a karanta. Na ce ina sauran? Sai mijinta Delbert ya buɗe baki. Kin tuna shi, ɗan Oklahoman nan da ya shekara tara a cikinmu bai koyi rufe ƙyauren gona ba. Shi fa kamfani ya ɗora a kan rijiyar. Shi yake auna tankuna yana aika musu lamba.

Ya ce, "Baba, haka irin waɗannan suke. Watan farko ne ƙarfinsu, daga nan sai ta yi ta raguwa. Ba abin da za a yi."

Na ce, "Babanka yana Oklahoma. Kuma na taɓa jin wannan karatun."

Na ji shi kuwa. Abin da likitan nan mai gashin baki ya gaya mini ke nan a kan Alma, yana kallon takarda maimakon ya kalle ta.

Rijiyar man Baba ta bayan tudu ganga talatin take bayarwa kullum, shekara ashirin da shida ba ta canza magana ba. Yanzu wani mai hular roba zai ce mini mai yana gajiya cikin kwana sittin? Ba kuɗin ne ya dame ni ba, me zan saya a shekara saba'in da tara? Sunanta ne a jikin allon.

Aji huɗu na yi a makaranta, amma na iya ƙirga. Kafin hanyarsu ta ratsa gonata na gindaya sharaɗi, babu mota bayan faɗuwar rana, kuma ni nake sa kwaɗo. Don haka duk tankar da ta fita sai ta bi ta gaban barandata. Tun ranar farko, kowace ta wuce sai in jefa ƙwayar wake ɗaya a gwangwanin kofi. Wata ya ƙare in juye a kwalba in rubuta sunansa. Su da na'urarsu, ni da wakena. Za mu gani.

Ƙaninki,
Arvid

15 ga Satumba

Yaya Gudrun,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu wasiƙarki. Shawarar da kika ba ni in yi haƙuri na ajiye ta tare da tabarau ɗin da kika aiko, duk suna cikin aljihun tebur.

Na kama shi.

Takardar Yuli ta zo, ganga dubu takwas da ɗari takwas. To ga wakena. Mayu ɗari da arba'in. Yuni ɗari da huɗu. Yuli ɗari da hamsin cif. Motoci sun ƙaru, mai ya ragu. Ke da kika gama sakandare, ki warware mini wannan.

Ranar Lahadi bayan sujada, ana shan kofi da wainar dankali a ɗakin ƙasa na coci, na jera kwalabe uku a kan tebur. Na ce jama'a su duba da idonsu. Na ce wanda yake auna tankin matata shi ya san inda sauran yake zuwa, kuma sunansa ɓarawo.

Kin san me ya ce? "Baba, ruwa ne. Tun da aka fara fasa dutsen sabuwar rijiya a gonar maƙwabta su Haugen, ruwansu yake turowa cikin tamu ta ƙarƙashin ƙasa. Yawancin motocin nan ruwa suke kwasa, a kai a zuba a wani rami."

Ruwa! A ƙasar da muka shekara uku a jere muna durƙuso muna roƙon Allah ɗigo ɗaya, alkama tana ƙonewa a tsaye, wai yau ana biyan direba ya ɗauki ruwa ya je ya zubar. Na ce, "Ko ƙarya ba ka iya ba. Ka koma garinku a koya maka."

Matar Fasto ta ce, "Haba Arvid, a gidan Allah?" Na ce ai a nan aka hana sata, ina kuma za a faɗe ta? Wannan matar da kofinta yake kamar an wanke safa a ciki.

Na kuma rubuta wa kamfani da hannuna. Ba su ji daɗin kalmar sata ba. Sun dakatar da shi daga aiki har a gama bincike, sun turo wani yaro mai gemun akuya yana aunawa a madadinsa.

Rhonda ta zo ranar Talata. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Baba, shekara tara yana jure maka. Shi ya riƙa kai Mama asibitin Minot sau biyu a mako lokacin da ka ce likitoci maƙaryata ne ba za ka taka ba. In ba a wanke shi ba kafin ƙarshen Oktoba, za mu koma Oklahoma, kuma ba zan dawo ba sai ranar da za a kwantar da kai kusa da ita." Ta zare makullin gidan nan daga cikin nata, ta jefa a gwangwanin wake, ta fita.

Ta gado bakin uwarta. Za ta huce. Makullin yana nan, ban taɓa shi ba, kuma ban lissafa shi cikin motoci ba.

Naki,
Arvid

13 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni harshena ne yake ciwo, kuma kada ki yi dariya kafin ki kai ƙarshe.

Bincikensu ya ƙi ƙarewa. Mutanen ofis, ko akuya ce ta ɓata sai sun yi taro uku kafin su leƙa bayan ɗaki. Rhonda kuwa ta fara ɗaure kaya, matar Fasto ce ta kawo mini labarin tana murna. Na ce bari in kama kayan satar da hannuna kowa ya huta.

Ranar Litinin na gindaya tarakta a bakin ƙyaure. Tanka ta farko ta tsaya. Direban mace ce, ƙatuwa, sunanta Darlene, wai daga Idaho. Duniya ta ƙare.

Ta leƙo ta ce, "Kaka, ka kawar da akwalar nan ko in mayar maka da ita faranti."

Na ce, "Sai kin buɗe na ga abin da kika ɗauko daga rijiyar matata."

Ta ce, "Au, kai ne mai waken? Kai ne ka sa aka kori mutumin da ya fi kowa gaskiya a layin nan? Kawo kofinka."

Ta murɗa famfon bayan motar ta cika mini kofin da nake shan kofi da shi. Na ɗauka zan ga baƙi. Na ga abu kamar ruwan wankin kwano. Na ce wayo ne, man yana sama. Ta ce, "To ɗanɗana mana, malamin lissafi." Na sa harshe.

Yaya, kin tuna ruwan gishirin da Mama take jiƙa kifi a ciki? Wannan ya ninka shi goma. Har yanzu bakina bai dawo ba. Da an zuba shi a gona ko ciyawa ba za ta sake fitowa ba.

Ta ce, "Ga shi an rubuta a jikin motar, baƙaƙe kamar ƙofa. Ba ka gani?" Na ce ba aikina ba ne karanta motocin mutane.

Ban kawar da taraktar ba sai yamma. Mota bakwai na tare. Biyar ruwa, biyu mai. Direbobin suna ta zagi, wasu da harsunan da ban taɓa ji ba.

Washegari na ɗauki kwalabena na tafi ofishinsu a gari. Suka haɗa ni da wata yarinya mai ɗan kunne a hanci kamar bijimi. Ta zube waken a tebur ta ƙirga, ta ɗauko takardun da Delbert ya riƙa cikewa na kowace mota, na mai daban na ruwa daban, ta haɗa. Ɗari da arba'in. Ɗari da huɗu. Ɗari da hamsin. Ko ƙwaya ɗaya ba ta kauce ba. Ta ce waken nan ya fi duk shaidar da suke da ita, ta kira shugabanta, suka ce Delbert ya dawo aiki ranar Litinin. Kin ga dai ƙidayata daidai take. Wannan ki riƙe.

Zan fita na ce mata ta gode mini wa babban da ya sa wa rijiyar sunan Alma. Ta buɗe fayil ta ce ba wani babba. Sunan da kamfani ya shirya shi ne na karen farautar wani manaja. Delbert ne ya rubuta roƙo sau uku har suka yarda. Ta nuna mini, na kai takardar har bakin hancina. Rubutunsa ne, mummuna kamar kaza ta bi ta kai.

Na kira Rhonda na ce an wanke mijinta, kuma wakena ne ya wanke shi. Ta ce, "A coci ka faɗa, a coci za ka janye." Ta ajiye wayar. Ba su kwance kayan ba.

Ni kuwa ban taɓa janye magana ba tun da aka haife ni. Kin sani, ke kika goya ni.

Arvid

3 ga Nuwamba

Yaya Gudrun,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ku duka. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, ku can ku ci gaba da gasuwa.

Na yi. Lahadin ƙarshe ta Oktoba, motar kwasar kayansu tana tsaye a ƙofar gidansu. Cocin ya cika fiye da ranar Ista, munafukai, duk sun ji labari. Na bari aka zuba kofi, na ajiye kwalbar ruwan gishirin nan da na ɗiba a motar Darlene a tsakiyar tebur.

Na ce, "Duk wanda ya ji na kira mutumin nan ɓarawo, ya zo ya ɗanɗana abin da ya sata."

Ba wanda ya motsa. Masu baki a bayan ido. Na tsoma yatsa na lasa a gabansu, ido yana mini ruwa. Gishirin ne, kada ki ƙara komai a kai. Na ce, "Ba ɓarawo ba ne. Ni ne ba na gani. Shi ke nan, ku sha kofinku, in zai shawu."

Rhonda ta miƙo mini hannu a buɗe. Na zaro makullin daga aljihu na sa mata, don na taho da shi.

Jiya Delbert ya kawo takardar Satumba da kansa. Ganga dubu shida da ɗari biyu. Na sa tabarau ɗinki na karanta da idona. Sun yi mini nauyi a hanci, kuma sun nuna mini ƙurar da ke gidan nan, ba sai kin tambaya ba.

Muka zauna a baranda, motoci suna wucewa. Can na ce, "To ita ke nan? Haka za ta yi ta raguwa har ta ƙare?"

Ya ce, "A'a, Baba. Za ta yi ta sauka shekara uku ko huɗu, sannan ta tsaya a ɗan kaɗan. Ganga talatin, arba'in a rana. Daga nan kuma sai ta yi shekara ashirin ko fiye tana bayarwa. Sai ta binne ni da kai."

Na ce, "Me ya hana ka faɗi wannan tun farko?"

Ya ce, "Ka ce babana yana Oklahoma."

Ganga talatin, Yaya, kamar ta Baba. Likitan nan mai gashin baki bai da wannan rabin a takardarsa.

Yanzu gwangwani biyu nake ajiyewa, farin wake na ruwa, jan wake na mai. Na gaya wa Delbert duk ƙarshen wata ya zo mu gwada da lambarsa, don har yanzu ban yarda da na'urarsu ba. Ya ce zai riƙa zuwa da Rhonda.

Da zai tafi ya bar ƙyauren a buɗe. Shekara tara. Na sauka na rufe da kaina. In kika gaya wa wani ban yi masa magana ba, zan ce tsufa ne ya ruɗa ki.

Ki gaida kurmanki.

Ƙaninki har kullum,
Arvid Lunde