Gefen Katin da Almakashi Ya Ci

Penang, 4 ga Oktoba

Assalamu alaikum Dik Warsi, ƙanwata sarauniyar kunya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarmu Mbok da ƙanwarta Bulik Parjiyem. Ni ƙalau nake. Tsohon da nake jinya ya rage tsawa, amma surukarsa har yau ba ta barina in taɓa wayar gidan, shi ya sa sai dai takarda.

Ki zauna kusa da Mbok ki karanta mata wannan da ƙarfi, ba da muryar sauron nan taki ba. Mbok, ga kwali nan na ba wata 'yar garinmu mai komawa gida. Akwai sabulu, ɗankwali biyu da takalmin roba na Warsi. Akwai kuma magani kati uku, saboda bayanki da aka ce yana riƙewa in kin sauke kaya a kasuwa. Na je wurin likita na kwatanta masa ciwon, ya rubuta, na sayo sabo fil. Yana sakin jijiyar da ta ɗaure. Ki bar jiƙon kurkum ɗin nan, ba ya komai sai rina harshe. Ƙwaya ɗaya da safe kafin ki hau motar kasuwa. Warsi ce za ta riƙa ba ki, tunda ita ce mai karatun gidan.

______

Ƙasan layi naki ne ke kaɗai kamar yadda muka saba, kada ki karanta wa Mbok. Har yanzu kina ɓuya a bayan ƙofa in baƙi sun zo? Shekara goma sha huɗu fa! Ƙofar za ki aura?

Yayarki,
Darsih

Sentolo, 22 ga Oktoba

Wa alaikumus salam Mbak Darsih,

Bayan gaisuwa da girmamawa, muna lafiya. Kwali ya iso. Takalmin ya yi mini ɗan girma amma na cusa tsumma a gaba. Na gode ƙwarai.

Mbok ta yi murna har da hawaye. Ta ɗauki kati ɗaya ta tafi da shi kasuwa don ta nuna wa sauran mata masu dako. Ta ce da su, “Ku gani, daga Malesiya, likita ne ya rubuta da sunana.” Ɗaya daga cikinsu, Yu Ginem, ta ce, “To a sam mana ɗaya mana, ko bayanmu na ƙarfe ne?” Mbok ta ce, “Haifi taki Darsih ɗin tukuna.” Aka yi ta dariya.

Kullum ina ba ta ƙwaya ɗaya da shayi mai zafi. Ta ce bayan ya saki. Jiya ta goya kwandon albasa kilo hamsin zuwa hawa na uku na benen kasuwar har sau shida. Sai dai tana yawan gyangyaɗi. A mota har ta wuce inda take sauka, kuma ta ce ƙafafunta kamar dafaffen rogo suke.

Mbak yayata, kada ki ji haushi, tambaya ce kawai. A aji shida malamarmu ta koya mana cewa kowane magani yana da ranar da wa'adinsa ke ƙarewa, ana buga ta a gefen kati. Na duba duka ukun ban gani ba. Gefen ma ba daidai yake ba, kamar an datse shi. Haka nasu na can yake zuwa?

Na karanta wa Mbok takardarki sau biyu, na tsaya a layi.

Ƙanwarki mai biyayya,
Warsi

Penang, 5 ga Nuwamba

Dik Warsi,

Gaisuwa. Kai, wannan yarinya da bin diddigi! Ke ko jaridar da aka ƙunso tempe, wainar waken soyan nan, sai kin karance ta. Haka maganin nan yake zuwa, a jikin kwali suke buga ranar, ni kuwa na yar da kwalin don kayan su shiga. Gyangyaɗi kuma gajiya ce. Wa zai tashi tun asuba ya goyi albasa bai yi gyangyaɗi ba? Ki ci gaba da ba ta. Ki gaishe ta, ki ce ina mafarkin miyarta.

Ina sauri, tsoho na kira.

Darsih

Sentolo, 25 ga Nuwamba

Assalamu alaikum Mbak,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan fara ba.

Mbok ta faɗi ranar Talata. Tana saukowa daga hawa na biyu da kwandon barkono a baya, ta ce ba ta yi tuntuɓe ba, ƙafar ce kawai ta ƙi zuwa. Ta gangaro matakala tara. Ƙashin wuyan hannunta na dama ya karye, goshinta an yi ɗinki biyar. Wata uku ba za ta ɗaura zanen goyo ba, kuma mai barkonon da take yi wa dako shekara goma sha ɗaya ta riga ta ɗauki wata.

A ƙaramin asibiti malamar jinya, Bu Endang, ta tambaya ko tana shan wani abu. Na kawo katunan da suka rage. Ta juya su, ta cire tabarau, ta sake juyawa. Ta ce, “Wa ya ba ku wannan?” Na ce likita a Malesiya. Ta ce, “Likita ya ga mahaifiyarki?” Na ce a'a. Ta ce wannan magani ba a bayar da shi sai likita ya duba mutum da kansa, domin yana sa barci yana kashe ƙarfin gaɓɓai, mai shan sa bai kamata ya hau matakala da kaya ba. Sai ta nuna mini wani abu da farcenta. A kati na uku almakashin bai ci gefen duka ba. Lambar shekarar tana nan. Wa'adinsa ya ƙare shekara uku da suka wuce.

Na tambaye ta a hankali ko ya zama guba ke nan. Ta ce ba lallai ba, amma in wa'adi ya wuce babu mai iya rantse miki ƙarfinsa na nan ko ya canza, balle wanda ba a san inda aka ajiye shi ba. Ta ce abin da ya fi muni shi ne ba don Mbok aka rubuta shi ba tun farko. Ta karɓe sauran za ta zubar yadda ya dace. Na roƙe ta ta bar mini guntun gefen.

Mu biyu ne kawai a ɗakin. Ban faɗa wa kowa ba, saboda ina jiran in ji daga bakinki.

Amma Mbak, Bulik ta riga ta yanke hukunci. Matan kasuwa sun zo dubiya da ayaba, ina raba shayi, ta ce a gabansu, “Maganin likita ne mai kyau, wannan sokuwar ce ta riƙa ba ta bibbiyu. An ce ta yi makaranta, ashe zaman benci ta je yi.” Yu Ginem ta ce, “Haba Parjiyem, yarinya ce.” Bulik ta ce, “Yarinya? Tambaye ta mana. Kin ga, ta sunkuyar da kai. Mai gaskiya yana sunkuyar da kai?” Kin san ni, bakina ba ya buɗuwa a cikin mutane. Na koma bayan ƙofa.

Mbok ba ta zage ni ba. Amma tun ranar ba ta karɓi komai daga hannuna ba. In na kawo shayi sai ta ce ajiye, in ya huce Bulik ta dafa mata wani. Ko ruwa ne. Kwana biyar ke nan.

Da hannuna na riƙa ba ta, ɗaya kullum, yadda kika ce. Na tambaye ki kuma kika amsa. Don Allah ki faɗa mini wa ya riƙe almakashin.

Ƙanwarki,
Warsi

Penang, 9 ga Disamba

Assalamu alaikum Dik Warsi,

Ki karanta wa Mbok: Mbok, sannu, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na yi kuka har uwar gidan ta tambaye ni ko mutuwa aka yi. Ki huta, kada ki damu da kasuwa, in na dawo da sallah ni zan yi miki wanka da kaina.

______

Warsi, wannan naki ne. Ki karanta ki ƙona.

Ni ce. Ban je wurin likita ba, ina zan samu fita? Uwar gidan ce take share durowar tsoho, ta tara tsofaffin magungunansa ta ce in zubar. Na gane wannan, shi ake ba shi lokacin da wuyansa ya riƙe. Na tuna bayan Mbok. A gidanmu yaushe aka taɓa zubar da abin da bai ruɓe ba? Na ce ƙwaya ce a rufe, me shekara za ta yi mata. Na yanke gefen ne saboda ke, na san sai kin karanta. Da na ce ragowar wani tsoho ne daga kwandon shara, da wane baki Mbok za ta nuna wa su Yu Ginem?

Wallahi ban san yana kashe ƙafa ba. Tsohon a kwance yake sha.

Ki rufa mini asiri, Dik. Ke kina kusa da ita, fushinta da ke na kwana kaɗan ne, zai wuce. Ni ina nesa, ba ni da komai a wurinta sai sunan nan na 'yar kirki. In ya tafi me zan dawo in tarar? Bulik kuwa kin san bakinta, gobe za ta sami wani. Zan aiko miki da jakar makaranta mai zif.

Yayarki da ke ƙaunarki,
Darsih

Sentolo, 27 ga Disamba

Wa alaikumus salam Mbak Darsih,

Ina gaishe ki. Hannun Mbok yana warkewa.

Na karanta mata takardarki. Da na iso layin na tsaya, sannan na wuce. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba, har jakar mai zif. Da ƙarfi na karanta, yadda kike so.

Na kai ƙarshe, na ninke takardar. Sannan ta ce, “Akwai shayi?” Na kawo, ta karɓa daga hannuna ta sha da zafinsa. Da ta ajiye kofin ta ce, “Yayarki tana cikin wahala a can. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, ko Bulik kada ta ji.” Na ce to, Mbok.

Don haka sunanki yana nan yadda kika bar shi. A kasuwa har yanzu ni ce sokuwar da ta ba uwarta bibbiyu.

Kada ki aiko da jakar. Kada kuma ki ƙara ja mini layi, duk abin da kika rubuto zan karanta shi har ƙasa. Ga guntun gefen katin nan na saka miki a cikin ambulan, wanda almakashinki ya bari.

Mbok ta ce in gaishe ki.

Warsi