Ban Taɓa Hawa Kumbo Ba

Lyon, 3 ga Yuni 2011

Ilya,

"Wallahi Yaya, zan gaya wa Baba gaskiyar aikinki." Haka ka ce bara, bakinka cike da tuwona. Ya Balkisa da yara? Ni lafiya, idanuna ne kawai suka fara gajiya.

Ka ga aikina da idonka. Zare nake gwadawa, wanda ake yi wa bargon da ke kare kumbo daga zafi faci da shi bayan kowace tafiya. Kai kuwa ka cika Damagaram da cewa a ciki nake tashi.

Jiya Baba ya kira. Ashe tun da kumbo ya tashi yake azumi domina, da ciwon sukarinsa. Ya ce, "Kin sauko lafiya, Zuwaira?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ni, da furfurata da karatuna, na faɗi haka.

Takwas ga Yuli kumbo zai sake tashi. Ka gaya masa kafin ƙarshen Yuni. In ba haka ba, zan kira shi, in fara da ƙaryata, in ƙare da taka.

Allah ya shirye mu.

Yayarka,
Zuwaira