Muryar Baba a Cikin Randa

Daren Laraba, Dutse

Alhamdu lillahi, muryar Baba ba ta ɓata ba.

Da safe Inna ta sunkuya ɗiban ruwa, tsohuwar wayata ta suɓuce daga ƙullin zaninta ta faɗa randa. A wayar take sauraron karatun da na ɗauki Baba yana yi kafin rasuwarsa, kuma babu shi a ko'ina sai nan.

Lokacin da wayoyin shafawa suka fara shigowa, Yaya Sani ya sayi siririya mai gilashi sumul, bayanta a rufe ruf, ba a cire batiri, ba wurin memori. Tawa mai kauri ce, sai an danna da farce. "Habu, wannan ai bulo ne," in ji shi. Na daɗe ina ganin ban iya zaɓe ba.

Yau na ɓalle murfin, na zare batirin, na ciro memorin da karatun yake ciki na shanya. Da ya bushe na sa shi a rediyon Inna. Shiru. Sai ga Baba yana gyaran murya.

"Ƙaro mana," in ji Inna.

Yaya ya ɗauki bulon yana goge shi da bakin rigarsa.