Duban Ƙafa Kafin Shan Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima, na zo miki da labari daga makarantarmu a nan Rano.

Har yau mutane da yawa sun ɗauka yaron da ya shiga kadet ya shiga soja ke nan, da ya gama sakandare mota za ta zo ta kwashe shi. Ke ma haka kika ɗauka, kuma ban ga laifinki ba. Ƙanenki, Kawu Sale, ya sa kaki ya tafi, ba mu ƙara ganinsa ba. Shi ya sa ranar da na kawo miki takardar shiga kadet, kika ninke ta kika tura ƙarƙashin tabarma, kika ce kaki ɗaya ya ishi gidan nan. Na yi kukana a bayan rumbu, na bi maganarki.

To Inna, yanzu ni ne malamin da ke kula da 'yan kadet ɗin makarantarmu. Wani tsohon soja, Baba Saje, shi ke koya musu fareti, ni kuma ina riƙe da akwatin magani. Bindigoginmu na katako ne. Maci muke koyarwa, da karatun taswira, da ɗaurin rauni, da zuwa kan lokaci, wanda ya fi duka ba mu wahala.

Akwai wani ɗalibina, Habibu, ɗan Unguwar Gai. Kofur ne, igiya biyu a hannun rigarsa, yara takwas a ƙarƙashinsa. Mahaifinsa ya rasu, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu. A wani gidan biki aka ce wa mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ai duk mai hoto da kaki sunansa ya riga ya tafi bariki. Sai ta aiko cewa ran Asabar za ta zo ta cire shi. Da yake gaya mini, bai yi kuka ba, hularsa kawai yake ta murzawa. Na ga kaina a jikinsa, Inna. Mako guda ina shirya jawabin da zan yi mata.

Asabar ɗin muka fita tattaki ta hanyar Rurum bayan sallar asuba, muka dawo da hantsi, rana ta fara cizo. Muka tarar da Hajiya Rabi tana zaune gindin dalbejiyar bakin fili. Na durƙusa na gaishe ta, na soma bayani, ta katse ni: “Malam, ba karatu na zo ji ba. Ɗana na zo ɗauka.” Jawabina ya ƙare a nan.

Baba Saje yana da doka ɗaya da ba a taɓa karya ta ba. In an dawo tattaki, kowane shugaba sai ya duba ƙafar yaransa ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai ruwa baki. Cewa yake, “Mai igiya shi ke sha a ƙarshe.” Habibu ya roƙi mahaifiyarsa ta bar shi ya yi wannan na ƙarshe. Ba ta ce e ba, ba ta kuma tashi ba.

Yaran suka zauna a jere, suka cire takalma, suna shan ruwa. Shi kuwa ya durƙusa, leɓe a bushe, yana ɗaga ƙafafu masu gumi yana duba tsakanin yatsu. A kan yaro na biyar ya tsaya. Wani ɗan aji ɗaya, Nura, bororo ya fashe masa a dunduniya tun a hanya, ya ɓoye don kada a ce rago ne. Habibu ya wanke wurin, ya ɗauko filasta.

Sai ga Hajiya Rabi a kansa. Ta ce wa ya koya masa liƙa filasta a jiƙaƙƙiyar ƙafa? Ta karɓi audugar ta tsane ciwon da kanta, tana mita: “Kai da ko kwanon tuwonka ba ka ɗaukewa a gida, yau kai ne mai wankin ƙafa?” Yara suka fashe da dariya, har Baba Saje ya juya baya.

Ta ɗebo ruwa ta miƙa wa ɗanta. Ya ce saura uku, Umma. Inna, tsaye ta yi da kofin nan a hannu har ya gama.

Daga baya ta kira ni gefe, ta ce in rantse mata ba za a kai shi soja ba. Na gaya mata gaskiya: kadet ba ya kai kowa ko'ina, amma in ya girma ya nema da kansa, wannan ba a hannuna yake ba. Ta ce wannan tsakaninta da shi ne. Sharaɗinta ɗaya na barinsa a kadet, in damina ta sauka gona ce gaba da fareti. Ta hau babur ta koma Unguwar Gai ita kaɗai.

Na so a ce kin ga wannan, Innata, ba don in ce kin yi kuskure ba. Na san tsoro ne irin na mai ƙauna. Na dai so in ga me za ki yi a gindin dalbejiyar nan.

Ki yi mini izini in juya ga masu karanta wasiƙar tare da ke. Duk uwa ko uban da ke shakka, ya zo filin makarantar ɗansa wata Asabar, ya zauna ya kalla kafin ya yanke hukunci. Yayye kuma ku gwada a gida: in kun dawo daga gona da ƙannenku, ku duba ƙafarsu kafin ku sha ruwa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna. Ya tsare 'ya'yan mutane da ke hannuna, Ya mayar da kowane ga uwarsa lafiya. Amin.

Ɗanki na fari,
wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.